Fatalwa Da Haƙƙi A Cikin Littattafan Ban Tsoro Na Ingila

Akwai sunaye biyu daga cikin adabin Turawan Ingila waɗanda ko mutumin da bai taɓa buɗe littafin Ingilishi ba ya yiwu ya taɓa jinsu, watau Dracula da Frankenstein. Sinima ce ta yayata su, ta kai su kusan kowace ƙasa ta duniya, har ya zamana da an ambace su abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne wani dogon Bature mai baƙar alkyabba da fiƙoƙi biyu, ko kuwa wani basamude mai ɗinkakken goshi, yana tafiya kamar an ɗaura masa itace a ƙafafu. Saboda haka mutane da yawa suka ɗauka labarun nan tatsuniyoyin Dodo ne kurum irin na Turawa.

Amma wanda ya zauna ya karanta littattafan da kansu, ya bi su daki-daki tun daga na farkonsu, zai ga wani abu dabam. Kusan duk inda fatalwa ta fito a cikinsu, ko aka ji kuka da tsakar dare, ko aka iske ɗaki a kulle wanda ba a yarda kowa ya shiga ba, to, in an tona za a tarar da haƙƙin wani a binne a wurin. Wani lokaci gado ne aka cinye, wani lokaci mace ce aka tsare, ko ɗa aka haifa aka yar, ko kuwa dukiya ce aka samo da gumin bayi a wata ƙasa mai nisa. Bugu da ƙari, cikin shekara 133 da ke tsakanin littafin farko na wannan salo da na Dracula, abin tsoron nan ya yi ta matsowa kusa. Daga tsaunukan Italiya ya zo ƙauyukan Ingila, ya shigo birnin Landan, har ya shiga jikin mutumin kirki mai daraja a idon jama'a.

Masana adabi suna kiran wannan salo Gotik. Sunan ya samo asali daga wata kabila ta Turai, Got, waɗanda suka ci birnin Rum da yaƙi a shekara ta 410. Daga baya ya zama abin zagi, ana liƙa shi ga duk abin da ake gani na jahiliyya ne, har da irin ginin manyan majami'u na zamanin da, masu dogayen hasumiyoyi da ƙofofi masu tsini. Ingila kuwa cike take da kangayen irin wannan gini, domin tsakanin 1536 da 1540 Sarki Henry na Takwas, bayan ya ɓata da Fafaroma, ya rufe gidajen 'yan zuhudu na Katolika, ya ƙwace filayensu, ya sayar da galibinsu ga manyan ƙasa. Watau iyalai da yawa na masu faɗa a ji a Ingila a kan ƙasar da aka ƙwace suka kafa arzikinsu, ga kuma kangon masu wurin na ainihi yana tsaye a bayan gida.

KWALKWALIN OTRANTO

Wanda ya fara sa wa littafinsa sunan Gotik shi ne Horace Walpole, ɗan Sir Robert Walpole wanda ake lissafawa Firayim Minista na farko a Biritaniya. Ya gina wa kansa gida irin na da a Strawberry Hill, kusa da Landan, kuma ya ce a nan ya yi mafarki ya ga wani ƙaton hannu sanye da sulke a kan matakalar bene. Daga mafarkin nan ya rubuta The Castle of Otranto, aka buga shi a ƙarshen 1764. Da fari bai sa sunansa ba. Cewa ya yi fassara ce ta wani tsohon littafin Italiyanci da aka buga a Naples a 1529. Sai da ya ga littafin ya karɓu sa'an nan ya fito fili a bugu na biyu, cikin 1765.

Labarin wani basarake ne, Manfred, mai mulkin Otranto a Italiya. Ranar ɗaurin auren ɗansa namiji tilo sai ga wani makeken kwalkwali ya faɗo a tsakar gida ya murƙushe angon. Don kada zuriyarsa ta ƙare, Manfred ya ƙudura ya rabu da matarsa ya auri amaryar ɗan nasa, ita kuwa ta gudu ta wata hanya a ƙarƙashin ƙasa. Daga nan sai al'ajabi iri iri, har hoton kakansa da ke rataye a bango ya yi ajiyar zuciya ya sauko ƙasa. A ƙarshe asiri ya tonu, ashe kakan nan bara ne na sarkin ainihi, Alfonso, ya ba shi guba, ya ƙaga wasiyyar ƙarya ya haye gadon sarauta. Kwalkwalin na Alfonso ne. Kafin sarauta ta koma ga magajinta sai da Manfred ya soke 'yarsa ta cikinsa da wuƙa bisa kuskure.

In don daɗin rubutu ne, littafin nan ba shi da wani armashi, mai karatu na yanzu ma dariya zai fi yi bisa ga jin tsoro. Amma shi ya tara kayan aikin da na baya suka yi ta amfani da su, watau tsohon gida mai lunguna, da azzalumin maigida, da budurwa mai gudun ceton mutuncinta, da tsohon laifi wanda ke biyo jikoki.

Wadda ta mai da salon sana'a mai kawo kuɗi mace ce, Ann Radcliffe. A 1794 masu buga littattafai suka biya ta fam 500 saboda The Mysteries of Udolpho, kuɗin da a wancan zamani ba safai marubuci kan gan su ba. Ba ta taɓa zuwa Italiya ba, daga littattafan matafiya da zane-zane ta ɗauko tsaunukan da ta yi ta siffantawa. Gwanintarta ita ce jan rai. Yarinyar labarin, Emily, ta ɗaga wani baƙin labule a gidan Udolpho, ta ga abin da ta gani, ta faɗi sumammiya, amma ba a gaya wa mai karatu ko mene ne ba sai bayan ɗaruruwan shafuka, inda ya bayyana ashe mutum-mutumi ne na kakin zuma mai siffar ruɓaɓɓiyar gawa. Haka take yi kullum, duk wata fatalwa sai ta kawo mata dalili na hankali a ƙarshe. A cikin wata maƙala tata da aka buga a 1826, bayan mutuwarta, ta bambanta tsoro iri biyu. Akwai fargabar abin da ba a gani sosai ba, wadda ke farkar da zuciya, akwai kuma firgicin abin ƙyama da aka baje a gaban ido, wanda ke daskarar da mutum. Ita ta farkon ta zaɓa.

To, in fatalwowin Udolpho duk na ƙarya ne, mene ne na gaskiya a ciki? Takardar sa hannu. Montoni, mugun labarin, ya auri gwaggon Emily saboda dukiyarta, ya kulle ta har ta mutu don ta ƙi sallama masa filayenta, sa'an nan ya juyo kan Emily da takardar. Matan Ingila da ke ɗaukar aron littafin nan a ɗakunan karatu sun san wannan ba almara ba ce, gama bisa dokar ƙasarsu a lokacin, da mace ta yi aure dukiyarta ta koma ƙarƙashin ikon mijinta. Ba a gyara dokar ba sai a 1870 da 1882.

Masu bin ɗaya hanyar, ta baje abin ƙyama a fili, su ma sun samu kasuwa. Matthew Lewis yana ɗan shekara 19 ya rubuta The Monk, aka buga a 1796, labarin wani shugaban 'yan zuhudu a Madrid wanda duk gari ke ganinsa waliyyi, sha'awa ta ja shi ga fasiƙanci da kisan kai, har ya sayar wa Shaiɗan ransa. An yi ca a kansa ƙwarai, balle da aka ji marubucin ɗan majalisar dokoki ne, tilas ya tsaftace littafin a wani bugu na baya. Shekara goma kafin nan, a 1786, Vathek na William Beckford ya fito, wanda ya ɗauko ƙirarsa daga hikayoyin Dare Dubu Da Ɗaya, ya ari sunan Halifa Wasiƙ na daular Abbasiyya ya liƙa wa wani sarki mai haɗama wanda ya ƙare a fadar Iblis, zuciyarsa tana ci da wuta. Abin lura game da mutanen nan biyu shi ne inda abincinsu ke fitowa. Dukansu magada ne na gandayen rake a tsibirin Jamaika, inda ɗaruruwan bayi 'yan Afirka ke yi musu noma. Lewis a teku ya mutu a 1818, da ciwon shawara, a kan hanyarsa ta komowa daga ziyarar gandunsa. Beckford kuwa da kuɗin sukari ya gina ƙasaitaccen gida a Fonthill, mai doguwar hasumiya, wadda ta rushe a 1825. Suna neman abin ban tsoro a Sifen da ƙasashen gabas, alhali kuwa yana nan cikin littafin lissafin gonakinsu.

Jane Austen ta yi wa salon ba'a a cikin Northanger Abbey, wanda ya fito a ƙarshen 1817. Yarinyarta, Catherine, ta sha karatun Radcliffe har ya hau mata ka. Ta sauka baƙunci a wani tsohon gida, ta tsinci takarda a cikin kabad da dare, ta kwana tana rawar jiki, da gari ya waye sai ta ga lissafin kayan wanki ne. Ta zargi maigidan da kashe matarsa, ashe bai kashe kowa ba. Amma ranar da ya ji labarin iyayenta ba masu kuɗi ba ne, sai ya kore ta da sassafe, ta yi tafiyar mil 70 ita kaɗai ba ɗan rakiya.

HALITTAR DA AKA YAR

A watan Afrilu na 1815 dutsen Tambora ya yi aman wuta a wani tsibiri na ƙasar da a yau ake kira Indunusiya. Tokarsa ta rufe sararin sama, har shekarar da ta biyo baya Turai ba ta ga bazara ba, sai sanyi da ruwan sama, amfanin gona ya lalace. A cikin wannan yanayi, a 1816, waɗansu matasan Ingila suka taru a wani gida a bakin tafkin Janeba, cikin ƙasar Suwizalan. Akwai mawaƙan nan biyu, Lord Byron da Percy Shelley, da likitan Byron, John Polidori, da wata yarinya mai shekara 18, Mary Godwin, wadda daga baya ta zama Mary Shelley. Da ruwa ya hana su fita sai suka shiga karanta labarun fatalwa, Byron ya ce kowa ya rubuta nasa. Manyan mawaƙan ba su yi wani abin kirki ba. Polidori ya fito da The Vampyre a 1819, wanda ya fara mai da mashayin jini basarake mai ado da iya zance. Yarinyar kuwa ta rubuta Frankenstein, aka buga shi a Janairu 1818 ba tare da sunanta ba.

Ya kamata a san zamanin da ta rubuta shi. Wani masani na Italiya, Luigi Galvani, ya riga ya nuna cewa in an taɓa ƙafar mataccen kwaɗo da lantarki takan motsa. A 1803 ɗan 'yar'uwarsa, Giovanni Aldini, ya gwada abin a Landan a kan gawar wani mutum da aka rataye, muƙamuƙinsa ya yi rawa, ido ɗaya ya buɗe. Makarantun likita kuwa suna bukatar gawawwakin da ɗalibai za su feɗe, doka ba ta ba su sai na waɗanda aka kashe bisa laifin kisan kai, saboda haka satar gawa daga maƙabarta ta zama sana'a. Abin ya kai har a 1828 waɗansu mutum biyu a Edinburgh, Burke da Hare, suka kashe mutum 16 suka sayar wa wani malamin likita. Watau ɗalibin da ke yawo a maƙabarta da dare yana tattara gaɓoɓi ba baƙon abu ba ne ga masu karatu na farko.

Akwai kuskuren da sinima ta dasa a zukatan jama'a. Frankenstein sunan ɗalibin ne, Victor Frankenstein, mutumin Janeba mai karatu a jami'ar Ingolstadt ta Jamus. Abin da ya harhaɗa ba shi da suna ko kaɗan. Kuma ba bebe ba ne kamar yadda aka nuna shi a fim ɗin 1931 wanda Boris Karloff ya fito a ciki. A daren da halittar ta buɗe ido, Victor ya dube ta ya ga muninta, ya fita da gudu ya bar ta. Ta shiga daji ba ta san komai ba, kamar jariri mai tsawon ƙafa takwas. Ta laɓe a wata rumfa jikin bukkar waɗansu matalauta, tana leƙensu ta kafar bango, a nan ta koyi magana da karatu, da dare kuma ta kan yi musu itace ta ajiye a ƙofa ba su san mai yi ba. Ranar da ta yi ƙarfin hali ta shiga, tsohon gidan, da yake makaho ne, ya karɓe ta da mutunci. Da masu ido suka dawo sai duka da sanda. Ta ceci wata yarinya daga ruwa, aka saka mata da harsashi. Daga nan ta juya, ta kashe ƙanen Victor, ta sa aka rataye wata yarinyar gidansu wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Wurin da ya fi kowane nauyi a littafin shi ne inda su biyun suka gamu a kan dutsen ƙanƙara, halittar ta kai ƙarar mahaliccinta gare shi. Ba ta nemi kome ba sai a yi mata abokiyar zama irinta, ta yi alkawarin za su tafi dazuzzukan Amurka ta Kudu ba a ƙara ganinsu ba. Victor ya yarda, ya fara aikin, sa'an nan ya yayyaga shi a gaban idonta. Ita kuma ta kashe amininsa, ta kashe amaryarsa a daren farko. Masu karatu da yawa sun ɗauki labarin a kan horon wanda ya yi shisshigi cikin abin da ke na Allah ne shi kaɗai, kuma lalle akwai wannan a ciki. Amma inda marubuciyar ta fi daɗewa shi ne kan gudun da Victor ya yi daga abin da ya jawo duniya. Mahaifiyar Mary Shelley ta rasu kwana 11 bayan haihuwarta, ita kanta kuma ta binne jaririyarta ta fari a 1815, tun ba ta cika shekara 18 ba.

MATAR DA KE CAN SAMAN BENE

Shekarar 1847 ita ce ta kawo abin tsoron cikin gidan Ingila sosai, ta hannun 'ya'yan wani limamin coci a ƙauyen Haworth, cikin lardin Yorkshire. Gidansu Charlotte da Emily Brontë jikin maƙabarta yake. Wani jami'in gwamnati, Benjamin Babbage, da ya binciki lafiyar garin a 1850, ya tarar fiye da kashi 40 cikin 100 na yaran da ake haifa ba su kai shekara shida, ruwan shansu kuma gurɓatacce ne. Waɗanda suka tashi a irin wannan wuri ba su da bukatar zuwa Italiya neman kabari.

A cikin Jane Eyre na Charlotte, wata marainiya ta samu aikin koyar da yarinya a gidan Thornfield, soyayya ta shiga tsakaninta da maigidan, Rochester. Tana jin wata irin dariya daga bene na uku, wata rana aka cinna wa gadon maigida wuta, ana saura kwana biyu biki kuma wata siffa ta shigo ɗakinta da dare ta keta lulluɓin amarcinta gida biyu. Ana tsakiyar ɗaurin aure a coci sai lauya ya miƙe ya ce ango yana da mata a raye. A dokar Ingila mace ɗaya ake aure, ƙarin ta biyu laifi ne na ɗauri, saki kuwa kafin 1857 sai majalisar dokoki ta yi wa mutum doka ta musamman, kuma hauka bai zama dalilin raba aure ba sai a 1937. Fatalwar Thornfield mutum ce mai rai, Bertha Mason, 'yar Jamaika, wadda aka aura wa Rochester saboda fam 30,000 da ta zo da su, don ubansa ba ya son raba gadon gidan tsakanin 'ya'yansa biyu. Da hankalinta ya gushe sai ya kawo ta Ingila ya kulle ta shekara goma a ɗakin da ba taga, kuɗin kuwa suna hannunsa. Irin wannan dukiya ta tsibiran rake kowa a Ingila ya san tushenta. Da majalisa ta yi dokar 'yanta bayi a 1833, fam miliyan 20 aka ware na diyya, kuma iyayengijin bayin aka biya.

Charlotte ta tausaya wa Jane ƙwarai, amma Bertha ta siffanta ta kamar dabba, ba a ji magana ko ɗaya daga bakinta kai tsaye ba har ta ƙone gidan ta faɗo daga saman soro. Wannan rashin adalci ne a littafin da ya shahara da neman adalci ga mata. Sai a 1966 wata marubuciya 'yar tsibirin Dominika, Jean Rhys, ta rubuta Wide Sargasso Sea, ta ba da labarin daga wajen matar da aka kulle.

Wuthering Heights na Emily ya fi na yayarta duhu. Tun a farkonsa wani baƙo da ya kwana a gidan ya miƙa hannu ta taga don ya kawar da reshen da ke damunsa, sai ya ji ya kama ɗan hannu mai sanyin ƙanƙara, wata yarinya tana roƙon a bar ta ta shigo. Don tsoro ya goga wuyan hannun nata a kan fasasshen gilashi har jini ya zuba. Mafarki ne ko gaske, Emily ba ta warware ba, kuma a nan ta rabu da Radcliffe. Ainihin labarin na Heathcliff ne, yaro mai duhun fata wanda maigida ya tsinto a titin Liverpool, tashar da ta fi kowace a Turai safarar bayi a wancan ƙarni. Bayan mutuwar maigidan aka mai da shi bara, wadda yake so ta auri mai kuɗi. Ya ɓace shekara uku ya komo da dukiya, ya bi ta hanyar jinginar gida da auren dole ya mallake gidajen iyalan biyu da suka wulakanta shi, duk bisa doka. Bai samu natsuwa ba. Bayan shekara 18 da mutuwar masoyiyar tasa ya sa aka buɗe akwatin gawarta don ya ga fuskarta. Emily ta rasu a 1848 tana da shekara 30, ba ta ga ɗaukakar littafinta ba.

Daga nan salon ya bazu cikin littattafan da ba a lissafa su na ban tsoro. Charles Dickens ya buɗe Great Expectations a maƙabarta, ya kawo Miss Havisham wadda ango ya yaudara ranar biki, ta tsai da agogon gidanta duka a ƙarfe tara saura minti ashirin, ta tsufa cikin rigar amarci. Dukiyar da ta mai da yaron labarin ɗan gata kuwa daga wani fursuna ta fito, wanda aka kora Ostareliya. Wilkie Collins, a cikin The Woman in White na 1860, ya nuna yadda miji zai iya jefa matarsa mai cikakken hankali a gidan mahaukata da sunan wata, saboda fam 20,000.

BAƘO A LANDAN

Manyan littattafan ban tsoro na ƙarshen ƙarni na 19 a Landan aka kafa labarinsu, ko da yake marubutansu ba Ingilishi ba ne na asali. Robert Louis Stevenson mutumin Sikotlan ne, Oscar Wilde da Bram Stoker kuwa 'yan Ailan. Wataƙila baƙo ya fi ɗan gari ganin abin da gari ke ɓoyewa.

Littafin Stevenson na Dr Jekyll da Mr Hyde ya fito a Janairu 1886, cikin wata shida aka sayar da kwafi wajen 40,000. Yanzu kowa ya san mutum ɗaya ne, amma masu karatu na farko sai a ƙarshe suka gane. Abin da suka fara gani shi ne wani lauya yana mamakin dalilin da ya sa amininsa, likita mai mutunci, ya rubuta wasiyya ya bar wa wani ɗan iska dukiyarsa duka. Gidan likitan yana da kyakkyawar fuska a babban dandali, yana kuma da ƙofar baya a wani lungu, ta nan Hyde ke shiga da fita. Jekyll da bakinsa ya faɗi abin da ya kai shi haɗa maganin: yana son ya more abin da ransa ke so ba tare da sunansa ya ɓaci ba. Waɗanda suka biya kuɗin wannan jin daɗi su ne yarinyar da Hyde ya tattake a titi da dattijon ɗan majalisa da ya kashe da sanda. Stevenson ya tashi da labarin William Brodie, wani kafinta ɗan majalisar birnin Edinburgh wanda da rana ke gyara wa mutane makullai, da dare ya dawo ya yi musu sata, har aka rataye shi a 1788. Wilde ya bi da The Picture of Dorian Gray a 1890, inda saurayi ke aikata ɓarna fuskarsa ba ta canjawa, hotonsa da ya kulle a saman bene shi ke tsufa yana muni.

Sai Dracula, a watan Mayu 1897. Stoker manajan gidan wasan kwaikwayo ne na Lyceum a Landan, bai taɓa taka Transylvania ba, lardin da a yau ke cikin Romaniya. Sunan ma a ɗakin karatu na garin Whitby ya tsince shi a 1890, cikin wani tsohon littafin tarihi. Mai karatu Bahaushe zai so ya kwatanta Dracula da maye, amma akwai bambanci. Maye mutum ne mai rai wanda aka ce yana kama kurwa. Shi wannan gawa ce da ta ƙi ruɓewa, tana tashi da dare tana shan jinin masu rai, wanda ta sha kuma in ya mutu ya zama irinta. Ba shi da inuwa, ba ya fita a madubi, yana rikiɗa jemage ko kyarkeci, yana gudun tafarnuwa, kuma ba ya shiga gida sai wani na ciki ya ce masa shigo.

Abin da fina-finai suka fi yarwa shi ne yadda labarin ya fara. Ciniki ne na gida. Wani matashin lauya, Jonathan Harker, ya je Transylvania da takardun wani gida da basaraken ya saya kusa da Landan. Ya iske ɗakin karatunsa cike da littattafan Ingilishi na tarihi da doka da siyasa, da taswira, har da jadawalin jiragen ƙasa. Watau Dracula ya yi abin da Turawa kan yi kafin su shiga ƙasar wani: ya koyi harshe, ya nazarci doka, ya auna hanyoyi, ya samu takardar mallaka, sa'an nan ya yi lodin akwati 50 na ƙasar garinsu ya shiga jirgin ruwa. Shekarar da littafin ya fito ita ce Sarauniya Victoria ta cika shekara 60 a kan gado, kuma a farkonta ne sojojin kamfanin Royal Niger suka ci Bida da Ilori, sojojin Biritaniya kuma suka ƙone birnin Binin suka kwashe kayan tagullarsa. Ƙasar da ke wannan aiki a ƙasashen mutane ita ce ta zauna tana karanta labarin wani baƙo daga gabas wanda ya zo ya sha jininta, ya aure mata mata ta hanyarsa, ya mai da 'ya'yanta talakawansa.

Waɗanda suka yaƙe shi da kayan zamani suka fito. Akwai tafireta da Mina, matar Harker, ta tattara shaidu da ita, da garmaho mai ɗaukar murya, da tangaraho, da ƙarin jini har sau huɗu ga wata budurwa, Lucy, ko da yake sai a 1901 aka gano jinin mutane rukuni-rukuni ne, don haka a zahiri irin wannan magani kisa zai iya yi. Duk da haka kayan zamani ba su isa ba sai da suka haɗa da tafarnuwa da gicciye, bisa shawarar wani tsohon farfesa daga Amsterdam, Van Helsing. Suka kore shi har ƙofar gidansa, kuma ba da turken itace aka gama da shi ba kamar yadda sinima ta saba nunawa. Wani Ba'amurke ya soke shi a zuciya, Harker kuma ya yanke masa wuya da kukri, wuƙar nan ta sojojin Gurka da Biritaniya ke ɗauka daga Nepal.

Stoker bai yi arziki da littafin ba, ya rasu a 1912. Shekara goma bayan haka wani kamfani a Jamus ya mai da labarin fim, ya canja sunaye, ya kira shi Nosferatu, ba tare da neman izni ko biyan ko kwabo ba. Matar Stoker, Florence, ta kai ƙara tana neman haƙƙin mijinta, a 1925 kotu ta ba ta gaskiya, ta yi umurni a lalata kwafin fim ɗin duka. Waɗansu kwafi sun riga sun ƙetare zuwa waɗansu ƙasashe, kuma daga gare su ne ake nuna fim ɗin har yau.